Wa Zai Zauna Da Gudiya?

Katangar da ta faɗi a gidan Alhaji Ɗayyabu, a Sabon Garin Jega, tsofaffi biyu ta danne. Dole a fara da wannan, domin duk wanda ya zo jaje a makon nan labarin mutum ɗaya aka ba shi.

Damina ce, a watan da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato. An kwana ana tafka ruwa, da hantsi rana ta ɗan leƙo, tsofaffin biyu suka zauna a gindin katangar bayan gida suna tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga cikin wadda aka ajiye ana jiran ta yi tsada. Katangar ƙasa ce, ta sha ruwa ta ƙoshi. Ba ta yi wata ƙara ba, sai dai kawai ta kwanto musu.

Hajiya Amariya, mahaifiyar maigidan, ta karye a tsintsiyar hannu. Iya Gudiya, matar marigayi ƙanen mahaifinsa, cinyarta ta dama ce ta karye, ƙafar ta juye waje, ga kuma rauni a ƙwauri yana zubar da jini. Hajiya da ƙafafunta lafiya lau, mutum huɗu suka ɗauke ta cak zuwa ɗakinta, ana salati ana yi mata fifita. Gudiya kuwa a kan buhu aka ja ta zuwa ɗakinta na kusa da turken awaki, kamar yadda ake jan kayan shara.

Gudiya 'yar ƙasar Zuru ce. Ta shigo gidan nan tun kafin a haifi Alhaji Ɗayyabu, a nan ta haifi 'ya'ya biyu suka koma tun suna ƙanana, a nan ta yi furfura, a nan haƙoranta suka zube. Ba wanda ya taɓa ganin salla ta wuce ta. Duk da haka, in tana kusa sunanta Iya Gudiya, in ta ba da baya sunanta Badakkariya, wato a kira ta da ƙabilarta.

Kafin azahar an ɗauko Malam Bala mai ɗori daga wajen Aliero a mota. Ya shiga ɗakin Hajiya ya ja hannun, ya shafa man shanu, ya jera kara ya ɗaure, ya yi tofi. Gudiya tana jin kukan Hajiya daga inda take, har tana cewa a ranta, sannu Amariya, yanzu za a zo kaina in yi nawa.

Ya kuwa zo. Da ya fito tsakar gida sai ya ce wa Alhaji, "An ce mani mutum biyu katangar tad danne. Ina ɗayar?"

Alhaji ya nuna ɗakin da haɓa. Malam Bala ya yi sallama ya shiga, ya durƙusa ya lalluba cinyar. Gudiya ta cije gefen zanenta don kada ta yi ihu a gaban baƙo.

"Sannu Iya. Karaya ce mai kyau, wuri ɗaya ta tsaya. Tana ɗoruwa, in Allah ya so."

Sannan ya fito ya tsaya a bakin ƙofa inda kowa zai ji shi. Matan gidan duk suna tsakar gida: Hajara matar Alhaji, da Wasila matar ƙanensa, da 'yan matan da suka isa tuƙa tuwon mutum talatin.

"Alhaji, ni ba ni ɗaurin cinya sai na ga mai jinya da idona," in ji shi. "Mai karayar hannu shina tashi ya kama ruwa da kanshi. Cinya kuwa in na ɗaure, ba sauran motsi sai an yi wata biyu ko fiye. Sai an samu wadda za ta zauna da ita, ta tara mata fo, ta yi mata tsarki, ta riƙa gyara mata kwanciya kada baya ya yi gyambo. In babu wannan, ɗorin azaba ce kawai, ƙashi ya goce, a ce Bala ya ɓata ƙafa. Haka nit tarar da ubana shina yi. To, wa za ta zauna da ita?"

Hajara ce ta fara magana, ta ce ita tana da Hajiya, ba ta rabuwa biyu. 'Yan matan suka sunkuyar da kai, wata ta tuna ta bar wuta a murhu. Wasila ta ɗago kai ta buɗe baki, amma muryar Hajiya Amariya ta riga ta, daga cikin ɗaki, tas, ba alamar ciwo a cikinta.

"Hannun da yat taɓa fon Badakkariya kada ya ƙara dama mani fura. Kada kuma ya tuƙa tuwon da maigidan nan zai ci. Na faɗa."

Wasila ta mayar da bakinta ta rufe.

Asabari ne kawai a ƙofar Gudiya, ta ji komai. Wannan ita ce Amariyar da take yi wa kitso duk mako, wadda ɗazu da safe suke hira suna dariya. Abin ya fi karayar yi mata zafi.

Alhaji ya ja Malam Bala gefe, amma bai rage murya ba. "Malam, ka bar wannan tukuna. Ka san mutanen nan ƙashinsu ba irin namu ba ne. Mazansu shekara da shekaru suke noman neman aure a rana, ko gezau. Kana nan za ka ji ta miƙe. In kuma abin ya ƙi, za mu aika wa danginta su turo mai zama da ita."

Malam Bala ya dube shi ya ce shi dai tun da yake ɗori bai taɓa ganin ƙashi mai yare ba. Ya koma ya wanke raunin ƙwaurin, ya ɗaure da tsumma mai tsabta, ya ce duk ranar da aka samu mai jinya a aiko masa. Aka mayar da shi Aliero.

Ba a aika wa kowa ba, don ba wanda ya san inda za a aika.

Haka kwanakin suka fara tafiya. Ɗakin Hajiya ya koma kamar gidan suna. Romon ƙashi da safe, nono da rana, farfesun kifi da yamma, don an ce yana haɗa ƙashi. Jikoki biyu suna kwana a wurinta, ɗaya tana mata tausa ɗaya tana korar ƙuda. Ita kuwa Gudiya, a bakin ƙofa ake ajiye mata kwanonta, a tura shi ciki da ƙafa, wani lokaci ya kai inda hannunta zai iso, wani lokaci bai kai ba. In bai kai ba, sai ta ja jiki da gwiwar hannu, ƙashin yana gugar ɗan'uwansa a cikin nama, har ta ga duhu-duhu.

Ranar da ta fara ɓata shimfiɗarta ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ranar da mijinta ya rasu. Ta yi ta kira tun da safe, ta kira Hajara, ta kira 'yan matan ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ita da ta yanke wa mafi yawansu cibiya. Kowa ya zama kurma. Da ta gama kukan ta goge jikinta da tsohon ɗankwali, ta doki bango ta yi taimama, ta yi sallarta a kwance tana roƙon Allah ya karɓa haka nan.

Kullum bayan la'asar wani malamin asibiti yana zuwa a babur ya yi wa Hajiya allura ya auna mata jini. Ta gefen ɗakin Gudiya yake jingine babur ɗin. Wata rana ta tattara ƙarfinta ta kira shi.

"Ɗana, don Allah, ko ƙwaya ɗaya ta rage zafi."

Ya ɗaga asabarin, wari ya doke shi, ya ja baya. "Subhanallahi. Wagga tsohuwa tun yaushe take haka?"

Hajara ta iso da sauri tana goge hannu. "Malam, kada ka damu kanka. Su ba su jin ciwo kamar mu, raki ne kawai na tsufa. Kuma suna da nasu sauye-sauyen itatuwa da suke sha, ba ka san abin da za ka haɗa maganinka da shi ba."

"Ni ban da wani sauye, Hajara," in ji Gudiya daga ciki. "Ruwa ma sai na roƙa."

Malamin ya duba agogonsa, ya ciro ƙwayoyi a jaka ya miƙa wa Hajara, ya ce a ba ta safe da yamma, kuma gaskiya ya kamata a kai ta asibiti. Hajara ta ce to, Allah ya saka. Ƙwayoyin a kwallar Hajiya suka sauka, don hannu yakan yi mata zugi in an yi sanyi. Daga ranar kuma aka nuna wa malamin wani wurin jingine babur, can ƙofar zaure.

Alhaji Ɗayyabu sau ɗaya ya leƙo. Ya sha babbar riga da ƙamshin turare, za shi Birnin Kebbi taron murnar sabuwar jiha. A bakin ƙofa ya tsaya, ya toshe hanci da hannun riga.

"Iya, yaya jiki? Da sauƙi dai."

"Babu sauƙi, Ɗayyabu. Ka shigo ka gani."

"Ina sauri ne."

"Mutum ɗaya mai ɗori yac ce. Gidanka cike da mata, ka buɗe baki ka ce wance ta zauna da ni, wa zai musa maka? A bayan nan nawa ka yi wayo, lokacin da uwarka ta kwanta ciwo. Ni ban tambayi yarenka ba kafin in wanke maka kashi."

Fuskarsa ta canza. "Iya, ban da gori. Ci da sha da wurin kwana, mi anka rage maki a gidan nan tun rasuwar Baffa? Maganar Hajiya kuwa ba ni tsallake ta, uwa ce. Ki yi haƙuri, ciwo kankarar zunubi ne."

Ya saki asabarin ya tafi. Da ya dawo da yamma, Gudiya tana jin sa a tsakar gida yana ba da labarin jawabin da ya yi, wai ya ce yanzu da Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru an zama uwa ɗaya uba ɗaya, har aka tafa masa. Kai, mutum bai da kunya.

Wasila ce kaɗai abin ya hana sukuni. Wata Juma'a, maza sun tafi masallaci, Hajara tana ɗakin Hajiya, ta saci jiki ta shigo da ruwan ɗumi a bokiti. Da ta juya tsohuwar ta ga bayanta, sai hawaye. Fatar ƙugu ta saɓule, tabarma ta manne da nama. Ta wanke ta, ta canza mata zane, ta ba ta kunu a baki.

"Allah ya yi maki albarka, ɗiyata," in ji Gudiya. "Ki ce masu ke za ki zauna. Ko yanzu a kira Malam Bala."

"Iya, ina tsoro."

Tana fitowa da bokitin suka yi kiciɓis da Hajara. Kafin magariba an ware wa Wasila tukunyarta da ludayinta. Furar da ta dama, Hajiya ta sa aka zuba wa awaki a gaban kowa. Mijinta ya shiga ɗaki ya zazzage ta, ya ce in jinyar arna take so ta tattara ta bi su can Zuru. Arna, ga matar da ta koya wa rabin yaran gidan Fatiha. Wasila ba ta ƙara shiga ba, sai dai in za ta wuce ta tura kwanon ya kai ciki sosai.

Daga nan abin ya riƙa gaba. Raunin ƙwaurin ya kumbura ya fara ruwa, tsumman da Malam Bala ya ɗaura shi ne dai har yanzu. Zazzaɓi ya zauna mata. Ta daina kiran kowa. Ƙudaje suka san ɗakin, sannan warin ya fito tsakar gida, ya kai har inda ake cin tuwo. Sai a lokacin gidan ya fara maganar Gudiya da gaske. Hajara ta ce baƙi suna zuwa duba Hajiya suna toshe hanci, abin kunya ne. Hajiya ta ce dama ta san irinsu ba su iya tsabta ba.

Ranar da Malam Bala ya dawo kwance ɗorin Hajiya an yi waina an yi sadaka. Hannu ya haɗu lafiya, ta motsa yatsu, mata suka yi guɗa. Yana shirin fita Wasila ta tare shi a gaban Alhaji, ta ce don girman Allah ya leƙa Iya.

Bai daɗe a ciki ba. Ya fito yana girgiza kai.

"Alhaji, wagga ƙafa ta wuce ni. Ta yi baƙi har gwiwa, bayanta kuwa tsutsa ce. Sai asibiti, kuma ban ce za su bar mata ƙafar ba. Can ma abin da za su fara tambaya shi ne mai jinya."

"To ai kai kaƙ ƙi ɗaurawa tun farko," in ji Alhaji. "Da ka ɗaure da ba mu kai nan ba."

"Mutum ɗaya nit tambaye ku," in ji Malam Bala. Ya ɗauki jakarsa, ya ƙi karɓar wainar da aka ƙunsa masa, ya ce ba sai an kai shi a mota ba.

Washegari da hantsi a-kori-kurar da ke kai albasar Alhaji kasuwa ta tsaya a ƙofar baya. Alhaji da kansa ya zo, wannan karon ma daga bakin ƙofa.

"Iya, mun yi shawara. Sa'idu direba zai kai ki gida, ki samu kulawar danginki."

Gudiya ta buɗe ido da ƙyar. "Wane gida?"

"Ƙasarku mana."

"Ɗayyabu, waɗanda nis sani can duk sun mutu. Ko yaren ban iya riƙe hira da shi yanzu. Mijina da ɗiyana biyu suna maƙabartar garin nan. Ka bar ni in cika, a kai ni kusa da su. Ba zan daɗe ba, wallahi ba zan daɗe ba."

"Zumunci muke dubawa, Iya. Mutum ya cika cikin nashi ya fi. Kada gobe su ce mun riƙe masu ke."

Leburorin albasa ne suka ɗauke ta da tabarmarta, don su ba ruwansu da furar Hajiya. Da aka zo wucewa ta tsakar gida, Hajiya Amariya tana zaune a kujera tana shan hantsi, ta ɗaga sabon hannunta.

"To Gudiya, Allah ya kiyaye hanya. A gai da mutanen gida. A yafi juna."

Gudiya ta sa leburorin suka tsaya. Ta dubi Hajiya, ta dubi Alhaji, ta dubi matan da suka yi cirko-cirko.

"Ban yafe ba," in ji ta. "Wasila kaɗai. Sauran mu haɗu gaban Allah."

Hajara ta tafa hannu ta riƙe haɓa. "Kun ji halin nasu ko? Shekara nawa ana ciyar da ita. Su dama ba su san yafiya ba."

Aka shimfiɗa ta a bayan motar, a kan ɓawon albasa, ba ko rumfa. Sa'idu ya tambayi Alhaji sunan ƙauyen. Alhaji ya ce ya kai ta ƙasar Zuru kawai, duk inda ya ga masu irin tsagenta ya tsaya ya yi tambaya, ai duk dangi ne.

Hanya ba ta da kyau. Kowane rami a cinyarta yake ƙarewa. Da farko Sa'idu yana jin nishinta ta tagar baya, daga baya ya daina ji, shi ya sa da suka iso Maiyama ya tsaya a gindin wata bishiyar bedi a bakin tasha ya zagayo. Idonta biyu, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Ya rasa yadda zai yi, ya kira wata dattijuwa mai sayar da fura ya ce ta taimaka ta ba ta ruwa.

Matar ta hau motar. Warin bai mayar da ita baya ba. Ta zauna ta ɗora kan Gudiya a cinyarta, ta ɗiga mata ruwa da ludayi, ta kare mata rana da mayafi. Da ta ɗaga zanen ta ga ƙafar sai ta yi salati ta rufe.

"Baiwar Allah," in ji ta, "ke ba ki da kowa ne?"

Gudiya ta haɗiye ruwan da ƙyar. "Ina da su," ta ce. "Gida cike."

Ba ta ƙara cewa komai ba sai kalmar shahada, matar tana faɗa tana binta. Kafin a kira azahar ta cika. Matan unguwar suka sauke ta suka yi mata wanka, wani mai shago ya ba da likkafani, limamin tasha ya sallace ta. Ba wanda ya tambayi Sa'idu wace ƙabila ce. Sunanta kawai suka tambaya, don addu'a.

Bayan la'asar ya iso Jega. Ya tarar da Alhaji Ɗayyabu a ƙofar gida tare da dillalai, ga buhunan albasa an jera za a kai kasuwa da sassafe. Sa'idu ya durƙusa ya faɗa masa. Alhaji ya yi istirja'i da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya juya ga dillalan ya ce tsohuwar gidansu ce, ta matsa sai an kai ta ga danginta, sun yi-sun yi ta ƙi zama. Dillalan suka ce Allah ya ba shi ladan riƙo, ba kowa ke riƙe bare haka ba. Ya ce amin.

Sannan ya rage murya ya tambayi Sa'idu, "An rufe ta can?"

"An rufe ta, Alhaji."

"To madalla. Ka je ka wanke bayan motar nan da omo sosai kafin a yi lodi. Albasa tana ɗaukar wari."